Farfesa a Rediyo: Sharhi Ya Isa Haka, a Zo a Koyar

Kusan kowane gidan rediyo a Arewa yana da lambar wayar wasu malaman jami'a biyu ko uku a ajiye. Naira ta faɗi, a kira ɗaya. Sojoji sun kifar da gwamnati a maƙwabta, shi za a kira. An cire tallafin mai, an yi ambaliya, gwamna ya sauya sheƙa, duk dai shi ɗin ne, a ba shi minti uku ya yi mana fashin baƙi. Wani sa'in fanninsa ƙasar noma ne, amma a bakinsa za a ji makomar ƙungiyar ECOWAS. Ya zama kamar mai maganin tasha, kowace cuta aka ambata yana da ƙullinta a jaka.

Ba duk abin da suke faɗa ne shirme ba. Akwai masu hankali a cikinsu, akwai ma masu faɗin gaskiyar da 'yan siyasa ba sa son ji. Amma wannan ba shi ne jami'a ta yi wa jama'a magana ba. Talakan da aka gina ɗakin gwaje-gwaje da dukiyar ƙasarsa bai taɓa jin abin da aka gano a ciki ba. Abin da ke iso masa shi ne ra'ayin malamin kan labarin jiya. Alhali shigar malaman jami'a rediyo ta haura shekara 100, kuma ba da sharhi aka fara ba.

A Jami'ar Wisconsin ta Amurka, wani malamin fiziks mai suna Earle Terry shi da ɗalibansa suka harhaɗa na'urar watsa saƙo da hannunsu, hukuma ta ba ta lamba 9XM. A ƙarshen 1916 suka fara aika hasashen yanayi da siginar tangarahu, waɗanda suka iya karanta siginar su rubuta su kai wa manoman yankinsu. Zuwa 1921 an koma murya sosai, aka ƙara da farashin amfanin gona a kasuwa. A 1922 tashar ta zama WHA, kuma har yau tana aiki. Abin lura shi ne abin da jami'ar ta fara miƙa wa mutane: ko za a yi ruwa gobe, da nawa ake sayen kaya a birni, domin kada ɗan kasuwa ya yi wa manomi wayo. Ba bisa katari hakan ya faru ba. Tun farkon ƙarni na 20 shugaban jami'ar, Charles Van Hise, ya ce hankalinsa ba zai kwanta ba sai amfanin jami'ar ya isa kowane gida a jihar. A 1931 tashar ta buɗe darussan rediyo ga makarantun firamare, musamman na ƙauye masu malami ɗaya.

Wisconsin tana cikin 'yan ƙalilan da suka rayu. Tsakanin 1921 da 1936 an ba makarantu da jami'o'in Amurka lasisin rediyo 202. Farkon 1937 saura 38. Dalilin da aka fi faɗa shi ne 'yan kasuwa, kuma gaskiya ne. Bayan dokar rediyo ta 1927 hukumar da ke raba zango ta ba manyan kamfanoni masu talla zango mai kyau da lokacin dare, ta tura tashoshin jami'a zuwa rana tsaka, sa'ad da mutane ke wurin aiki. A 1934 aka kawo ƙudurin ware kashi 25 cikin 100 na zangon rediyo ga tashoshin ilimi da na sa-kai, majalisar dattawa ta kayar da shi. Sai dai akwai dalili na biyu da malaman ba su cika son a tuna musu ba. Da yawansu takardar darasin aji suke ɗaukowa su karanta a gaban makirfon, da murya ɗaya, har lokaci ya cika. Ɗalibi yana zama ya jure saboda jarrabawa na jiransa. Mai sauraro a gida ba jarrabawar da zai rubuta, murɗa akwatinsa kawai yake yi.

Jami'ar Chicago ce ta gano bakin zaren a 1931. Maimakon lacca, sai a zaunar da malamai uku su tattauna batu ɗaya, ba tare da karanta rubutu ba, amma bayan sun zauna sun tsara ta inda za su shiga da inda za su fita. Daga 1933 kamfanin NBC ya riƙa watsa shirin a faɗin ƙasar duk Lahadi, ya kai har 1955. Gidauniyar Sloan ta zuba kuɗi, ana buga abin da aka tattauna a ƙananan littattafai mutane na saye.

Amma inda na fi son mu tsaya shi ne Ingila, wurin wata mata da sunanta bai shahara ba ko a can. Hilda Matheson ita ce ta fara riƙe sashen jawabai na BBC, daga 1927. Ba malamar jami'a ba ce, kuma a ganina ita ce ta fi kowa tasiri a wannan tarihi. Ta lura cewa mai sauraro ba taro ba ne, mutum ɗaya ne a ɗakinsa, saboda haka muryar mumbari da ta zauren lacca ba sa shiga kunnensa. Sai ta kafa ƙa'ida: komai girmanka, ka kawo rubutunka a gani, a gyara shi ya koma maganar baki, a yi gwaji, ka maimaita, sannan a kunna maka jan fitila. Manyan masana da marubuta suka bi ta wannan ƙofa. A Janairun 1931, tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, masanin Cambridge John Maynard Keynes ya shiga rediyo ya yi wa matan aure bayanin yadda ƙanƙame kuɗi a irin wannan lokaci ke raba wani da aikinsa, ya ce su fita kasuwa gobe su sayi zannuwan gado da barguna. Tunanin da daga baya ya girgiza ilimin tattalin arziki ke nan, an faɗe shi yadda mai girki za ta gane. Tun 1929 kuma BBC tana da mujalla ta mako-mako mai buga waɗannan jawabai, domin maganar rediyo iska ce, in ba a kama ta ba ta tafi. Matheson ta ajiye aiki a ƙarshen 1931 bayan saɓani da shugaban gidan, John Reith, kan tace abin da masu jawabi za su faɗa. Wato tun ran gini matsalar 'yancin magana take tare da wannan aiki.

Da sunan Reith ɗin nan aka kafa laccocin shekara-shekara a 1948, masanin falsafa Bertrand Russell ya buɗe. Mutum ɗaya, batu ɗaya, makonni a jere. Robert Gardiner na Ghana ya yi a 1965, Wole Soyinka a 2004. A 1979 Ali Mazrui ɗan Kenya, wanda daga baya ya yi aiki da Jami'ar Jos, ya yi lacca shida kan halin da Afirka ke ciki, har ya kawo hujjar cewa sai ƙasashe irin Nijeriya sun mallaki makaman nukiliya kafin manyan ƙasashe su yarda kowa ya zubar da nasa. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba (ni ban yarda ba), an ba shi fili ya gina hujjarsa tun daga tushe, ku kuma masu ji kun ga inda za ku kama shi. Minti uku ba ya ba da wannan dama, ga mai magana ko ga mai ji.

Kada a ɗauka tarihin duk zuma ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1941, BBC ta yi wani shiri na amsa tambayoyin masu sauraro wanda miliyoyin mutane ke bi. Tauraronsa C.E.M. Joad ne, malamin falsafa a kwalejin Birkbeck ta Landan, wanda kowa ke kira farfesa alhali bai taka matsayin ba. Yana da amsar kowace tambaya, har da ta yadda ya kamata mutum ya zauna da gaskiya. A 1948 aka kama shi a jirgin ƙasa ba tikiti, kotu ta ci shi tarar fam 2, BBC ta sallame shi. Shi ne kakan masu sharhinmu na yau, ta fuskar sanin komai dai. Wani haɗarin kuma ya fi wannan laushi. Fred Hoyle na Cambridge ƙwararren masanin taurari ne, kuma ya iya magana. A rediyo ne, a Maris na 1949, ya raɗa wa nazariyyar farkon samuwar sararin samaniya sunan da duniya ke kiranta da shi yau, Big Bang, alhali yana adawa da ita. Laccocinsa na 1950 sun samu karɓuwa ƙwarai, mutane da yawa suka tashi da fahimtar cewa ra'ayinsa shi ne matsayar kimiyya. Binciken da aka yi a 1965 ya nuna abokan hamayyarsa ne ke da gaskiya. Makirfon yana ba wanda ya iya baki rinjayen da hujjarsa ba ta ba shi ba. Maganin wannan ba hana malamai magana ba ne. Maganinsa furodusa mai ido, wanda zai ce: wannan matsayar fanninku ce ko taka ce kai kaɗai?

Wani zai ce ai duk wannan Turai ne, inda kowa ya yi boko. To a dubi Tanzaniya. A 1973 Cibiyar Ilimin Manya ta Jami'ar Dar es Salaam, tare da ma'aikatun lafiya da ilimi, ta shirya gangamin rediyo na mako 12 da harshen Swahili kan zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya, tarin fuka da tsabtar ruwa. An horar da shugabannin rukuni wajen 75,000, aka raba musu littattafai masu hotuna. Mutane kusan miliyan 2 suka riƙa zama rukuni-rukuni, a saurara, a tattauna, a tashi a yi aiki. An haƙa masai dubban ɗaruruwa. Tun kafin nan, daga 1962, Nijar tana da ƙungiyoyin masu sauraron rediyo a garuruwa da ƙauyuka, inda ake naɗar ra'ayin mutane a kaset a mayar gidan rediyo a watsa. Rashin boko bai hana kowa fahimta ba.

Mu a nan ma ba mu da uzurin rashin kayan aiki. A shekara ɗaya, 1962, gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyon Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello. Tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai a yi guzuri ba. Wanda ya fi cin moriyar wannan kusanci su ne mutanen Samaru: cibiyar binciken noma da cibiyar yaɗa dabarun noma, NAERLS, sun daɗe suna shirya wa manoma shirye-shirye da Hausa kan iri, taki da feshi. Malaman sashen Hausa ma sun yi nasu ƙoƙarin kan waƙa, karin magana da al'ada, likitocin asibitocin koyarwa kuma suna amsa gayyata. Amma ina masana tarihi, da na ƙasa da ma'adinai, da na shari'a, da na lissafi, da injiniyoyi? A rediyon Kaduna ɗin nan ne aka shekara da shekaru ana watsa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, da na Sheikh Dahiru Usman Bauchi. Har yau duk azumi mutane na zama awa guda, dare 30 a jere, suna bin nahawun Larabci da saɓanin malamai da tarihin saukar ayoyi. Malaman addini sun riga sun tabbatar da cewa Bahaushe yana da haƙurin dogon karatu a rediyo. Duk ɗan bokon da ya ce mutanenmu ba sa son abu mai zurfi, lalacinsa yake ɗora wa jama'a.

Kuma shirun yana da farashi. A Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane suka tashi 'ya'yansu da asuba suka ɗura musu. An samu waɗanda suka mutu, da dama suka kwanta asibiti, masu hawan jini suka fi jin jiki. Washegari likitoci suka cika gidajen rediyo suna ƙaryatawa, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Al'ummar da aka shekara biyar ana yi mata bayanin mene ne ƙwayar cuta, da aikin ƙoda, da abin da gishiri ke yi wa jini, ita da kanta za ta yi wa saƙon dariya. Haka rikicin allurar shan-inna na 2003 zuwa 2004: jama'a na da tambayoyi, wasu ma masu tushe, amma ba su da wani masanin jami'a da suka saba da muryarsa tun kafin rikicin, wanda za su yarda da shi in ya ce kaza ne.

To me ya hana? Na farko tsarin ƙarin girma. A takarda, aikin malamin jami'a uku ne: koyarwa, bincike, da hidimta wa al'umma. A zahiri maƙala ake ƙirgawa. Malami zai biya kuɗi a buga masa takarda da Turanci a mujallar da ko abokin ofishinsa ba zai buɗe ba, a ba shi maki. Ya yi wata uku yana koyar da mutum dubu ɗari da Hausa, ba maki, wataƙila ma a riƙa yi masa kallon mai son suna. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ga aji mai ɗalibi 500, ba za a zarge shi ba don ya bi inda ake ba da lada.

Na biyu kuɗin fili. Yawancin gidajen rediyonmu, na gwamnati da masu zaman kansu, da sayar da lokaci suke rayuwa. Sojan baka yana da mai biya masa, mai maganin gargajiya yana biya da kansa, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da ko ɗaya. Abin da ya cinye tashoshin jami'o'in Amurka ke nan, sai dai mu ba mu ma kai ga gina abin da za a cinye ba. Yanzu jami'o'i da yawa, har da Bayero da Ahmadu Bello, suna da tashar FM tasu. Amma lasisin tashar jami'a ba ya kaiwa nesa, kuma a wurare da dama an mayar da ita wurin koyon aikin ɗalibai kawai, kiɗa da gaishe-gaishe. Koyon aiki abu ne mai kyau. Sai dai tashar da ke zaune tsakiyar ɗaruruwan masu digirin digirgir bai kamata ta rasa darasi ɗaya a mako ba, wanda za ta naɗa ta ba gidajen rediyon jihohi kyauta.

Na uku tsoro, kuma ban raina shi ba. Masanin tarihin da zai yi maganar bauta a daular Usmaniyya, ko masanin halittu da zai taɓo asalin jinsuna, ko likitar mata da za ta faɗi abin da haihuwa da ƙuruciya ke yi wa jiki, duk sun san jimla ɗaya za a yanko a yaɗa a WhatsApp. Wannan ma hujja ce a kan gajeren sharhi. Mutumin da aka saba da shi mako-mako, aka ga ladabinsa da adalcinsa, ya fi samun uzuri a kan baƙon murya da ta faɗo da magana mai zafi ta ɓace.

Sai batun harshe, wanda aka fi fakewa da shi: wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana wannan aiki, sassan Hausa na BBC da DW kuma kullum suna fassara labarin tauraron ɗan'adam da hauhawar farashi ba tare da sun tsaya ba. Abin da na lura da shi shi ne, malamin da ya kasa bayyana fanninsa da Hausa sau da yawa ba kalma ya rasa ba. Turancin ne ke rufa masa asiri. In ka ce masa ya faɗa wa gwaggonsa abin da ya gano a bincikensa, nan za a san ko ya gano wani abu.

Masu cewa rediyo ta mutu, kowa ya koma waya, su dubi shirin Melvyn Bragg da BBC ta fara a 1998: malaman jami'a uku, batu ɗaya, kimanin minti 45, ba kiɗa ba waƙa. Ya wuce kashi 1,000, kuma intanet ƙara masa masu ji ta yi, domin ana sauke tsofaffin shirye-shiryen a saurara a ko'ina. A wurinmu kuwa manomi da direba da mai shayi da matar da ke tsakar gida har yanzu rediyo ce abokiyar hirarsu, ba ta cin data, batir biyu sun ishe ta. Abin da aka naɗa domin rediyo shi ne kuma zai shiga katin waya ya zagaya, yadda wa'azi ke zagayawa.

Abin da nake nema ba babba ba ne. Kowace jami'a a Arewa ta ɗauki furodusa ƙwararre guda, irin Matheson, wanda ke da ikon ce wa farfesa ban gane ba, sake faɗa. A zaɓi batu ɗaya a bi shi mako 13: me ya sa rijiyoyin burtsatse ke ƙafewa a Kano, yadda ake gadon gona a shari'a da a kotu, tarihin kasuwancin goro tsakanin Kano da Gwanja, abin da ke faruwa da kuɗin da ka ajiye a banki, dalilin da ya sa ciwon ƙoda ya yi yawa a yankin Gashuwa da abin da bincike ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba. A buɗe layi ga masu tambaya a ƙarshen kowane shiri, a ajiye sautin a ɗakin karatu, a rubuta shi a buga. Hukumar jami'o'i ta ƙasa da majalisun jami'o'i su sa wa irin wannan aiki maki bayyananne, bayan masana fannin sun saurara sun tantance, kamar yadda ake tantance maƙala. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu da ke gina dogayen benaye, tana iya biyan kuɗin fili.

Akwai ma wurin farawa da ba ya buƙatar jiran Abuja. Al'ada ce wanda ya zama farfesa ya gabatar da lacca ta kama kujera, inda yake taƙaita aikin rayuwarsa. Ana yin ta da Turanci, a zaure, gaban abokan aiki da 'yan uwan da suka zo daga ƙauye suka zauna awa biyu ba su fahimci komai ba sai tafi. Laccar a rubuce take, an riga an yi wahalar. Majalisar jami'a tana iya yanke hukunci a zama ɗaya cewa ba a kammala ta ba sai mai ita ya shiga situdiyo ya maimaita ta cikin rabin awa da Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Nufanci, ko duk harshen da mutanen da suka haife shi ke ji.